Yadda Ake Mayar da Farantan Kuloci a Giyabos ɗin Mota Atomatik

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan kaskon ƙarfe da ke gabanku shi ne gidan kuloci, an wanke shi, an busar da shi da iskar kwamfaresa, domin zaren tsumma ɗaya tak yana iya toshe hanyar mai.

Fistin, wato ƙarfen da mai ke turawa ya matse farantan, shi ne ke fara shiga. A sa masa sababbin robobin da ke hana mai tsiyaya, a shafe su da man giya, sannan a danna shi a hankali ana ɗan juya shi, har ya zauna daram. Idan robar mai leɓe ce, leɓen yana fuskantar gefen da mai ke turowa. Sai a ɗora sifirin, a matse shi da abin matsewa, a sa zoben da ke riƙe shi.

Faranti iri biyu ne. Na ƙarfe haƙoransa suna waje, suna kama jikin kasko. Mai shafe kuwa, wanda fuskarsa ke kama da takarda, haƙoransa suna ciki. Sababbin masu shafe sai sun jiƙa a man giya na aƙalla minti 15, kuma man ya zama wanda kamfanin motar ya tanada, kamar WS a yawancin sababbin motocin Toyota ko DW-1 a Honda. Bayan an sa faranti mai lanƙwasa, wanda ke sassauta bugun fistin, idan giyabos ɗin yana da shi, ana jera na ƙarfe, sai mai shafe, ɗaya bayan ɗaya, a rufe da faranti mai kauri da zobensa.

Wanda ya sayo kayan tokumbo a kasuwar Ladipo da ke Legas ya duba su da kyau. Farantin ƙarfe da ya yi shuɗi ya sha zafi, kuma wanda shafensa ke ɓarewa, sau da yawa ruwa ne ya shiga giyabos ɗin, abin da ba baƙo ba ne a Legas da damina.

A ganina, a nan ne ake bambanta gwani da mai gaggawa: auna tazarar da ta rage tsakanin faranti mai kauri da zobe. Idan ta yi kaɗan, farantan za su riƙa gogar juna ko da kulocin ya saki, kuma a cunkoson Oshodi ko na gadar Third Mainland ba za su daɗe ba su ƙone. Idan ta yi yawa, giya za ta yi jinkirin shiga, motar ta riƙa fizga. Ana zura siririn ma'aunin ƙarfe a auna, a gwada da adadin da littafin motar ya bayar, in bai yi daidai ba a canja kaurin zoben ko na farantin ƙarshe.

Kafin a mayar da kaskon, a hura iska kaɗan ta ramin mai. Za ku ji fistin ya buga, farantan sun matse, kuma da an saki iskar sai su sake. Idan kun ji iska tana tsiyaya, roba ta yage, sai an sake buɗewa.