Ina Saƙon Kuskure Yake Zuwa?

Assalamu alaikum. Yau za mu duba yadda ake juya saƙon kuskure a shel, wato shirin da ke karɓar umarnin da muke rubuta wa kwamfuta. Kafin mu fara, wa ya taɓa rubuta `ls babu > sakamako.txt`, sai ƙorafin cewa ba a ga fayil mai suna `babu` ba ya fito a allo, `sakamako.txt` kuwa wayam? To, na ga hannuwa da yawa. Duk shirin da ke gudana yana da ƙofofi uku masu lamba: 0 ta shiga, 1 ta sakamako, 2 kuma ta kuka, wato saƙon kuskure. Alamar `>` ita kaɗai, ƙofa ta 1 kawai take tarewa ta zuba a fayil.

A shel irin su sh ta Stephen Bourne, wadda ta zo da tsarin kwamfuta na Unix bugu na bakwai a 1979, da bash da zsh, lambar za ka saka: `2> kuskure.txt`. In ba ka so a goge abin da ke ciki, sai `2>>`, a ɗora a ƙasa. In ko ganinsa ba ka so, `2> /dev/null`, rami ne da ba ya cika.

Yanzu ku nutsu, nan ake yawan tuntuɓe. `umarni > duka.txt 2>&1` yana zuba biyun wuri ɗaya. Amma ka juya su, `2>&1 > duka.txt`, kuskuren ya koma allo. Shel daga hagu take karantawa zuwa dama. Sa'ad da ka ce wa 2 ta bi 1, ita 1 tana allo tukuna, sai 2 ta zauna nan, 1 ta tashi ta bar ta. Ni kaina na taɓa barin aiki ya kwana yana gudu, da safe na tarar da fayil tas, har ina murna, ashe duk kurakuran sun zube a tagar da na rufe.

Ita csh, shel ta Bill Joy, ba ta ma san `2>` ba. `>&` take da shi, mai kwashe duka. Raba su sai da dabara: `(umarni > fita.txt) >& kuskure.txt`. Ni dai ba na rubuta dogon aiki da ita.

A cmd, shel ta Windows, `2>` da `2>&1` suna nan yadda kuka sani, sai dai ramin sunansa `nul`. PowerShell kuma, wata shel ta Windows, ta ƙara `*>` mai ɗauke dukkan magudanai. Ku lura, PowerShell 5.1 da tsarin haruffa na UTF-16 take rubuta fayil ɗin, shi ya sa in ka kai shi Linux, grep, umarnin neman kalma a fayil, ke lalube ta rasa kalmar da kake gani da idonka.