Amsoshin Tambayoyinku: Makullin Kitso

Jama'a, lokaci ya ja, bari mu kwashe wasiƙun nan.

Wata baiwar Allah daga Gwale tana tambaya ko da lissafin kitso, wato makullin sirrin da aka gina kan yadda ake ɗora silin kitso, WhatsApp ke kulle saƙo. A'a Hajiya, ba da shi ba ne. Wani kuma daga Farm Center ya ce ya ba yaron shagonsa lambar sirrin katinsa, ko lissafi zai tsare masa kuɗi? Haba Alhaji! Ka canza lambar nan yau.

Sai wadda aka fi aikowa, musamman ɗaliban Jami'ar Bayero: an ce akwai makullin sirri da aka gina kan tsarin lissafi marar iyaka, wanda abin da ka fara da shi ke canza sakamako. Tunda ba shi da iyaka, ai ba mai fasa shi? Malam baƙonmu, bismillah.

"To, ka dubi mai kitso. In ta fara ɗora silin dama kan na tsakiya sannan na hagu, daban yake da in ta fara da hagu. Biyu sau uku da uku sau biyu duk shida ne, kitso kuwa ba haka ba. Wani masanin lissafi, Emil Artin, shi ne ya mai da tsarin kitson nan lissafi a 1925. Haifaffen Biyana ta ƙasar Austriya ne, ya koyar a Hambug ta Jamus, daga baya ya koma Amurka..."

Allah gafarta Malam, ana fasa shi?

"Ana fasawa. A 1994 Peter Shor ya nuna kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin kwamfuta, za ta iya karya RSA, makullin sirrin da ake yawan amfani da shi a intanet, wannan ya ƙara wa masu neman sabon makulli ƙaimi. Anshel, Anshel da Goldfeld suka kawo nasu a 1999, masana masu suna Ko da Lee da abokansu suka kawo na kitso a 2000. Amma ɓarawo ba ya bin kitso ɗaya bayan ɗaya. Sili guda yake tsefewa, in ya ga kitson ya gajarta, ya san yana kan hanya. Sannan aka gano ana iya mai da kitso jadawalin lambobi. Ta nan Cheon da Jun suka karya na Ko da Lee a 2003."

Kun ji ko? Bari in maimaita wa ɗalibanmu: tsarin ba shi da iyaka, amma makullin da kwamfuta ke zaɓa yana da iyaka, kuma shi ɓarawo ke tsefewa. Ni dai ina son ganin 'ya'yanmu sun shiga wannan bincike, amma ba zan ɗora kuɗina a kai ba tukuna. Ko sababbin makullan da NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar a Agustan 2024, babu na kitso a ciki.

Ɗan'uwa daga Kurna, taka sai mako mai zuwa, in sha Allah.