Kwalin Digiri: Yana Biyan Wahalarsa Kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Tambayar da za mu tattauna yau ƙanina ne ya yi mini ita, ranar da sakamakon WAEC ɗinsa ya fito. Ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, gida kowa na murna, shi kuwa sai ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, don Allah faɗa mini gaskiya. In Baba ya sayar da amfanin gona ya kai ni jami'a, ƙarshe me zan samu?" Na yi shiru. Yaron nan ba rashin son karatu ne ya sa shi tambaya ba. Yana da ido. Yana hawa Keke Napep daga Wunti zuwa Yelwa, ya sha jin mai keken na cewa shi ma ya yi jami'a, kwalinsa na nan a ƙasan akwati. Yana ganin yayyen abokansa a majalisa tun hantsi har la'asar. Don haka idan ya ji samari na cewa karatun boko yaudara ne, maganar na shigarsa.

To bari mu fara da abin da babu gardama a kansa. Akwai ƙofofin da kwali kaɗai ke buɗe su. Duk basirarka, ba za ka duba mara lafiya a asibitin koyarwa na nan Bauchi ko na tarayya da ke Gombe ba sai ka yi shekara shida a karatun likita, hukumar likitoci ta ba ka lasisi. Lauya sai ya yi shekara biyar, ya ƙara da makarantar horar da lauyoyi, kafin ya tsaya gaban alƙali. Injiniya na buƙatar rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, mai haɗa magunguna na da tasa hukumar. A aikin gwamnati, mai digiri daga mataki na 8 yake farawa, kuma shi ne hanyarsa ke miƙewa har kujerar darakta. Tallafin ƙaro karatu a waje, irin na asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF ko Chevening na Ingila, digirin farko ake fara tambaya. Duk wanda ya ce wa yaron da ke son ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya bar makaranta, wallahi ya cuce shi.

Yanzu mu zo ga lissafin da iyaye ba su cika yi ba. Kowa na lissafa kuɗin rajista, wanda jami'o'in tarayya da dama suka ƙara a 2023, shekarar da aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci da na hayar ɗaki duk suka tashi tare. Nan akwai ɗan sauƙi: tun 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma babu kuɗin ruwa a kai, ga masu gudun riba. Amma bashi ne, sunansa ke nan.

Abin da ya fi kuɗi tsada shi ne lokaci. Kwas ɗin shekara huɗu ne a takarda, na injiniya da na noma biyar. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin kusan wata tara. A 2022 ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wanda ya shiga jami'ar tarayya a 2019 kusan shekara ɗaya da rabi ya yi a gida. Shekarun nan kuwa suna da haƙora. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba a tura shi hidimar ƙasa, takardar yafiya ake ba shi, kuma bankuna da wasu kamfanoni kan sa iyakar shekaru a tallan ɗaukar aiki. A tsawon wannan lokacin, abokinsa da ya shiga garejin walda ko shagon ɗinki tun gama sakandare ya riga ya samu 'yanci, yana da yaransa, wataƙila ma ya yi aure.

Sai a tafi hidimar ƙasa, ana karɓar alawus na naira 77,000 a wata. Wata goma sha biyu, ya tsaya. Ranar ce idon mutum ke buɗewa. Sai ya tarar wasu makarantun kuɗi ba sa biyan malami ko rabin wancan alawus ɗin. Ya kai takardu ma'aikatu, a ce a dawo. Ya ga mai uwa a gindin murhu ya samu ofa ba tare da ya zubar da gumi ba. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ba na son a riƙa ɗora wa matashi laifin abin da ba shi ya ɓata ba. Gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba, masana'antu kuma a yankinmu ba su da yawa. In ka cire kamfanin siminti na Ashaka, manyan da suka rage ba su kai yatsun hannu ba.

Amma akwai ɓangaren da ke hannunmu, kuma nan nake so mu daɗe.

Da yawanmu ba mu muke zaɓen kwas ba. Yaro ya nemi likita, makinsa na JAMB bai kai ba, aka jefa shi wani fannin da bai taɓa jin sunansa ba, gida aka ce karɓa kawai, ai digiri digiri ne. Sai ya yi shekara huɗu yana haddace takardun malam daren jarrabawa, ya zuba, ya manta. Lokacin koyon aiki na SIWES ya zo, wanda shi ne damarsa ɗaya tilo ta taɓa aikin da hannu, sai ya kwanta a gida ya nemi wanda zai buga masa hatimi. Firojet ɗin ƙarshe ya saya. Na san wanda ya gama karatun kwamfuta bai taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba. Irin wannan, ranar ganawar ɗaukar aiki, minti biyar ya isa a gane kwali ne kawai a hannunsa.

Muhawarar ƙwarewa da kwali ta yi zafi a Facebook a 'yan shekarun nan, kuma cikin waɗanda suka ɗaga ta akwai ɗan yankin nan, Farfesa Isa Ali Pantami, ɗan Gombe, tsohon ministan sadarwa, wanda a nan Bauchi ya yi digirinsa na farko. Abin da na fahimta daga matsayinsa shi ne kwali kaɗai bai isa ba. Wasu samari suka ɗauki rabin maganar, suka ce an ce a bar makaranta. Ni a ganina, jami'a na daga cikin wurare mafi sauƙi da mutum zai koyi abin yi, in ya shiga da niyya. Akwai ɗakin gwaji, akwai ɗakin karatu, akwai malamai, ga abokai daga kowace jiha waɗanda gobe su ne za su kira ka idan gurbi ya buɗe. Ɗalibin noma a harabar jami'ar ATBU da ke Gubi da ya fara kiwon kaji ɗari tun yana aji biyu, ko ɗalibar lissafi da ke riƙe wa 'yan kasuwar Muda Lawal littafin ciniki a ƙarshen mako, ba za su fito hannu rabbana ba. Ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, mai koyar da fasahar zamani kyauta.

Kuma don Allah mu daina raina sauran hanyoyin. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali, ga kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga makarantun koyon jinya da ungozoma. A ƙauyukanmu mace mai naƙuda na neman mace 'yar uwarta ta karɓi haihuwa, ba a samu ba. Yarinyar da ta yi ungozoma ta riga masu digiri da yawa samun abin yi. Na tuna murnar da aka yi a Nuwamban 2022 da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Na ji iyaye na cewa yaro ya karanta fannin fetur. To ko aikin ya kankama, bayan kowane injiniya akwai ƙwararrun masu walda, da masu lantarki, da direbobin manyan motoci. Wanda ya fara da difloma kuma hanya ba ta toshe masa ba. Zai iya shiga jami'a daga aji biyu, ko ya yi digiri a jami'ar karatu daga gida ta NOUN yana kan aikinsa.

Abin da na ce wa ƙanina bayan kwana biyu shi ne: kafin ka sayi fom ɗin JAMB, nemo mutum uku da suka gama kwas ɗin da kake so shekara biyar da suka wuce. Ka je ka gaishe su, ka tambaye su da me suke cin abinci yau, kuma me suka yi nadamar rashin koya suna makaranta. Ya je. Injiniyan lantarki suka karanta, kuma biyu daga cikinsu haɗa sola ke riƙe da gidajensu, ɗayan ma ya ce sai bayan hidimar ƙasa ya fara riƙe filaya.

Yanzu kullum da safe ƙanin nawa na shagon wani mai haɗa sola, yana ɗaukar tsani da batura. Injiniyan lantarkin zai cike a fom. Baba ya ce zai sayar da buhun wake biyu don rajistar farko, da sharaɗin kada ya bar shagon ko an ba shi gurbin karatu.