Kulob ɗin da Ya Riƙe Sunan Wasan da Ya Daina Bugawa

A bayan birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina akwai wani kulob da ake kira Hurling Club. In kuka leƙa a ranar Asabar za ku tarar da 'yan mata suna hoki, samari suna ƙwallon zari-ruga, iyaye a gefen fili suna hira da harshen Sifaniyanci. To amma ku dubi rigar 'yan wasan. Koriya ce, a ƙirji kuma ga ɗan ganyen nan mai kunne uku, tambarin mutanen Ailan. Me ya kawo ganyen Ailan Kudancin Amurka?

Tumaki ne suka kawo shi. A ƙarni na 19 mutanen Ailan kimanin dubu 40 zuwa 50 suka haye teku zuwa Ajantina, akasarinsu daga yankunan Westmeath da Longford da Wexford. A gida gona ta yi kaɗan, masu ƙasa sun matsa da kuɗin haya. A can kuwa ga fili iya ganinka, ga kasuwar ulu tana ci. Wani ya tafi ya samu, ya aiko wa ƙaninsa kuɗin jirgin ruwa, ƙanin ya jawo maƙwabci. Wani limamin Katolika, Fada Anthony Fahy, wanda ya sauka a 1844, shi ne uban baƙi: ya samo maka aiki, ya ajiye maka kuɗi, in ta kama ya samo maka matar aure 'yar gida.

Sai dai makiyayi a daji kaɗaici ke cinsa. Ana buƙatar abin da zai tara jama'a ban da coci da jana'iza.

Nan wasan hurling ya shigo. Mutum 15 kowane ɓangare, kowa da sanda mai faffaɗan kai, ana dukan ƙaramar ƙwallo ta fata a ƙasa ko a sama. Ta bi ta saman sandar raga, maki 1. Ta shiga raga, maki 3. Ba a biyan ɗan wasa ko sisi, kuma har gobe haka dokar take a ƙungiyar GAA mai kula da wasannin gargajiya na Ailan, da aka kafa a garin Thurles a 1884, ko da mutum zai buga gaban 'yan kallo dubu 82 a filin Croke Park da ke Dublin, babban birnin Ailan.

Wanda ya tsaya wa wasan a Ajantina ɗan jarida ne, William Bulfin, editan The Southern Cross, jaridar 'yan Ailan da ta fara fita a 1875. A 1900 aka kafa kulob na farko a Buenos Aires, shi kuma ya buga dokokin wasan a jaridarsa don 'ya'yan da aka haifa a can su koya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwantar da harkar, ta sake tashi, a 1922 aka haɗa ƙungiyoyin wuri guda, daga baya suka sami fili a unguwar Villa Devoto. Ranar Lahadi an fito daga coci, sai fili: maza a ciki, mata da yara a gefe, ga shayi, da dare a yi rawa. Aure nawa aka ƙulla a bakin filin nan, Allah kaɗai Ya sani.

Yanzu ku dubi sandar da kyau, don a kanta labarin ya juya. Da itacen da Turawa ke kira ash ake sassaƙa ta, kuma ba kowane sashe nasa ba. Gindin ake so, daidai inda jijiyar itacen ta lanƙwasa za ta gangara saiwa, domin kan sandar ya bi wannan lanƙwasar, ya sha duka bai tsage ba. Duk da haka karyewa take, wani lokaci a tsakiyar wasa. Kuma daga Ailan ake kawo ta a jirgin ruwa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, hanyar teku ta toshe. Aka gwada itatuwan gida, ba su yi ba. Akwai kuma wani dalili da ba a cika son faɗa ba: 'yan wasan sun yi kaɗan, fuskokin nan dai su ne kullum, gaba ta yi yawa, ana fasa wa juna kai, har shugabannin al'umma suka ga wasan da aka kawo don zumunci yana neman raba zumuncin. A 1941 aka ajiye sanda.

Wani kulob ɗin da nan zai watse. Waɗannan kuwa suka ce ai taron ake so. Matan sun riga sun fara hoki tun wajen 1930, mazan suka bi sahu, wasu suka koma zari-ruga. Hannun da ya saba da waccan sanda bai sha wuya da wannan ba: a gasar Olamfik ta Landan a 1948, 'yan wannan kulob na cikin tawagar hoki ta Ajantina. A shekarun nan ne kuma suka tara kuɗi a tsakaninsu, suka sayi fili nasu na kansu a garin Hurlingham. Kada sunan ya ruɗe ku, dacewa ce kawai. Garin ya samo sunansa daga wani kulob na Turawan Ingila, masu ƙwallon dawaki.

Jikokin yau 'yan Ajantina ne gaba da baya. Sunan yanka na Sifaniyanci, sunan kaka na Ailan, kuma ƙofar kulob ɗin a buɗe take ga wanda bai haɗa jini da Ailan ba. Ranar 17 ga Maris, bikin Waliyyi Patrick, ana sanya koren kaya ana gasa nama irin na Ajantina.

Sandar ma ta dawo. A 2002, sai kuma 2009, zaratan 'yan hurling na Ailan suka zo Buenos Aires suka yi wasan nuni, shekara 60 da 'yan kai bayan an daina. A cikin masu kallo akwai waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba sai a tsofaffin hotunan kakanninsu da ke rataye a bango.