Tsohon injin jirgin ruwa ya ƙi ɗaukar totur: daga ina za ka fara?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu duba tsohon injin jirgin ruwa, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, musamman tu-sitirok mai kafireto wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Inji ne da yake tashi lafiya, silonsa ba laifi, amma da zarar ka sa giya ka ba shi totur sai ya shaƙe, ko kuma ya yi ta kuka jirgi yana jan ƙafa.

Yawancin mutane da sun ga haka sai su ɗauki sukundireba su hau kan kafireto. Don Allah ka dakata tukuna. Kafireto na iya zama mai laifin, amma idan ka taɓa saitinsa alhali matsalar tana wani wuri, ka ƙara wa kanka aiki na biyu a kan na farko.

Kada kuma ka yarda da abin da inji ya nuna maka a furi. Inji mai silinda uku, ko da guda ta mutu, zai iya hawa sama a furi kamar lafiyarsa ƙalau, domin ba ya jan komai. Ba a gane ƙarfin jaki a turke, sai an ɗora masa kaya. Saboda haka gwajin gaskiya a cikin ruwa ake yinsa, cikin giya. Ku fita ku biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na lura da inji, kowa da rigar ceto, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannun matuƙi. Kuma ko da wasa kada ka tayar da shi a tudu ba ruwa, domin impela, wato robar da ke tura ruwan sanyaya inji, nan da nan take ƙonewa.

Da kun fita, tambaya ɗaya za ka amsa: juyin injin ya yi yawa ne, ko ya kasa? Yawancin tu-sitirok irin waɗannan, idan aka buɗe totur gaba ɗaya, suna kaiwa juyi 4500 zuwa 5500 a minti. Ainihin adadin naka yana cikin littafin injin.

Idan juyi ya haura sama, inji yana ihu amma jirgi ba ya gaba, to injin da ƙarfinsa, ƙarfin ne ba ya isa ruwa. Duba farfela. A tsakiyar farfela akwai roba da aka matse, wadda aka yi ta don ta sulluɓe idan an bugi dutse ko kututture, ta ceci giya. Idan ta tsufa takan riƙe a ƙaramin gudu, ta saki da an ba da wuta. Ja layi da alƙalamin maka daga tsakiyar farfelar zuwa jikinta na waje, ka fita ka ba shi totur, ka dawo ka duba. Idan layin ya rabu biyu, ka kama ɓarawonka. Idan bai rabu ba, wataƙila an ɗaga injin da yawa, farfela tana shan iska. Falen da ke samanta ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi.

Idan kuwa juyi ya kasa, fara da jirgin kansa. Ruwa ya taru a cikinsa? Gansakuka ta kama ƙasansa? Kaya sun yi yawa? Fiffiken farfela ya lanƙwashe, ko zaren kamun kifi ya naɗe a bayanta? Ko an canza farfela kwanan nan? Kowane inci ɗaya da aka ƙara a ficin farfela, wato nisan da aka ƙera ta ta ci gaba a juyi ɗaya, yana rage juyi kusan 150 zuwa 200. Sannan, inji a kashe, ka tura totur har ƙarshe, ka leƙa maƙogwaron kafireto. Ɗan faifan da ke ciki ya kamata ya buɗe gaba ɗaya. Kebul da ya saki yakan bar shi a rabi, kai kuma kana zaton ka ƙure.

Duk wannan lafiya? To yanzu mun shigo cikin inji, kuma kwamfireshin, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda, za mu fara aunawa. Dalili shi ne, idan fistin ko zobensa sun gaji, babu wankin kafireto ko sabon fulogi da zai dawo da ƙarfi, gara ka sani kafin ka kashe kuɗi. Ɗumama injin, cire fulogai duka, cire igiyar kashe inji, buɗe totur, ɗaura geji a ramin fulogi, ka juya har allura ta daina hawa. Ka rubuta na kowace silinda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kusancinsu: kada bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100. A ce ɗaya ta ba ka 120, ɗaya 115, babu damuwa. Amma 120 da 85, akwai magana. Ko zobe ya maƙale da baƙin dauɗar ƙonewa, ko bangon silinda ya karce, ko gasket ɗin kai ya fashe.

Tunda fulogan suna hannunka, karanta su. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, silindar tana aiki. Baƙi a jiƙe, ko ba ta kamawa ko mai ya yi mata yawa. Fari fat, mai bai ishe ta ba. Wanda kuma ya fito tsaf kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a jikinsa, ruwa ne ke shiga silindar.

Sai wuta. Ɗora fulogi a jikin inji ka ga tartsatsi bai isa shaida ba, domin a cikin silinda, ƙarƙashin matsi, wutar tana buƙatar ƙarfin da ya fi haka. Yi amfani da abin gwajin wuta mai tazara. A injunan CDI da yawa, wato masu akwatin lantarki da ke sarrafa wutar fulogi, ana son ta tsallake kusan milimita 11, shuɗiya, mai ƙara. Kuma ka lura da lokacin da matsalar take zuwa. Idan inji yana gudu da kyau yana sanyi, sai ya yi zafi silinda ɗaya ta ɗauke, ya huce ta dawo, zargi kwayil ko akwatin CDI ko sitato, wato naɗin wayar da ke samar wa inji wuta. Wasu tsofaffin injunan kamfanin Mercury sitatonsu naɗi biyu gare shi, na ƙaramin gudu da na babba. Idan na babban ya mutu, inji zai yi silo lafiya amma ya ƙi hawa. Ka kuma duba 'yan sandunan da ke haɗa totur da saitin wuta, domin yayin da totur ke buɗewa, lokacin tashin wuta ma yana matsawa gaba. Idan wannan haɗin ya cije ko ya saki, inji zai shaƙe ko da mai yana zuwa daidai.

Yanzu mun zo kan mai, inda mafi yawan matsalolin nan suke ɓoye. Daga tanki za ka faro. Ramin shan iskar tanki a buɗe yake? Idan a rufe yake, inji zai yi 'yan mintuna yana gudu sannan ya fara mutuwa. Zuba ɗan fetur a kwalba mai haske ka bar shi ya natsa. Idan da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. Fetur mai haɗin itanol yana jan danshi, yana kuma cin tsofaffin tiyo ta ciki, ɓarɓashin ya tafi ya toshe filta. Hanya mafi sauri ita ce ka aro wani tanki da tiyonsa, da sabon fetur. Idan inji ya warke, ka san matsalar ba a jikinsa take ba.

Ƙwallon robar nan da ke tsakiyar tiyo, wanda ake matsawa kafin a tayar, babban mai ba da labari ne. A lokacin da inji ke shaƙewa, abokinka ya matsa shi a kai a kai. Idan inji ya farfaɗo, famfon mai ya gaza, ko iska tana shiga ta wani mahaɗi. Idan ka tarar ƙwallon ya lotse ya manne, toshewar tana tsakaninsa da tanki. Famfon kansa wata siririyar fata ce a ciki da bugun inji ke motsawa. Idan ta tsufa takan ƙandare, idan ta yage kuma fetur yakan zube kai tsaye cikin inji ya jiƙa fulogin silinda ɗaya.

Gwaji na gaba shi ne cok, wato abin da ke ƙara yawan mai a haɗin da ke shiga inji lokacin tayarwa. Yana cikin shaƙewa, ka ɗan taɓa cok na daƙiƙa ɗaya ka saki. Idan ya zabura, mai ne bai ishe shi ba, kuma a nan ne kafireto ya cancanci a buɗe shi. Idan ya ƙara nutsewa, ko mai ya riga ya yi yawa ko wuta ce ba ta da ƙarfi. In ka buɗe, babban jet, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da ke auna mai, shi ne ke ciyar da inji a babban gudu. Wanke shi da feshin wankin kafireto, ka hura da iska. Kada ka zura masa allura ko waya, tagulla ce mai laushi, ramin yana ɗan faɗaɗa awon mai ya lalace.

Wannan wurin nake so ka riƙe da kyau. A tu-sitirok, baƙin mai tare da fetur yake tafiya. Silindar da jet ɗinta ya toshe ba ƙarfi kawai ta rasa ba, har da man da ke shafe fistin ɗinta. Idan ka ci gaba da matsa mata totur kana cewa zai wartsake, fistin zai yi zafi ya cije. Inji mai kafireto biyu ko uku ya fi shiga wannan haɗari, domin sauran silindojin suna jan jirgi, ba ka jin cewa guda tana ƙonewa. Haɗin mai ma ka auna shi, kada ka yi da ido. Yawancinsu 50 da 1 ne, wato rabin lita na baƙin mai mai lambar TC-W3 a lita 25 na fetur. Injunan Johnson da Evinrude na kafin 1964 kuwa 24 da 1 suke sha.

Saura zafi. Dubi ruwan da inji ke tsartarwa ta baya. Idan ya yi rauni ko ya ɗauke, kashe inji nan take. Wasu injunan suna rage wa kansu gudu da gangan idan sun yi zafi. Johnson da Evinrude da yawa sukan tsaya a juyi 2500, ba sa wucewa har sai sun huce an kashe an sake tayarwa. Mai jirgi sai ya ɗauka mai ne, alhali impela ce ta gaji, ko tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwan sanyaya hanya idan inji ya ɗumama, ya maƙale, ko leda ta rufe ramin shan ruwa.

Duk abin da ka gyara, gyara ɗaya za ka yi sannan ka koma ruwa ka gwada, ka rubuta juyin da ya kai. Idan kuma kwamfireshin ne ya faɗi, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe a bakin fulogi, kada ka sake tayar da shi. Wannan sai makanike ya buɗe kan injin ya dubi fistin da bangon silinda.