Me Bature ke nufi idan ya ce "double-cross"?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Kalmarmu ta yau ita ce double-cross, ana furta ta kamar "dabul-kuros". Mai kallon finafinan 'yan fashi na Amurka ya sha jin ta, galibi a wurin rabon kuɗi, lokacin da ɗaya ya juya bakin bindiga kan abokin tafiyarsa.

Ma'anarta ita ce ku ƙulla magana da mutum, ya saki jiki kuna tare, alhali kai ka shirya yi masa sakiyar da ba ruwa. Fassarar da ta fi zama daram ita ce zamba cikin aminci. "Cin amana" ma ya yi, sai dai ya fi ta faɗi.

To me ya kawo double, wato ninki biyu? A Ingila ta ƙarni na 19, a bakin 'yan caca, cross na nufin maguɗin da aka shirya tun kafin wasa, musamman a dambe da tseren dawaki. A ce 'yan caca sun ba ɗan dambe fam 50 don ya faɗi da gangan. Su kuma sai su zuba kuɗinsu a kan abokin karawarsa, tunda sun san yadda za ta kaya. Wannan maguɗi na farko ke nan, 'yan kallo aka cuta. Sai ɗan damben ya soke fam 50 ɗin a aljihu, ya tura wani a ɓoye ya sa kuɗi a kansa, ya shiga fage ya kayar da abokin karawar. Ya cuci waɗanda suka haɗa baki da shi, kuma ba su da bakin kai ƙara. Maguɗi a kan maguɗi. An fara ganin kalmar a rubuce a 1834.

Akwai masu danganta ta da Jonathan Wild, uban ɓarayin Landan, wai yana sa alamar X biyu (ita ma alamar X cross ake ce mata a Turanci) a gaban sunan ɓarawon da zai miƙa wa hukuma. Kada ku riƙe wannan. An rataye Wild a 1725, sama da shekara 100 kafin kalmar ta bayyana.

Labarin da ya tabbata, ko da yake ba shi ne asalin kalmar ba, shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Hukumar leƙen asirin Birtaniya, MI5, ta riƙa juya 'yan leƙen asirin Jamus suna aika wa iyayen gidansu labarin ƙarya. Kwamitin da ya kula da aikin tun 1941 ana kiransa Kwamitin Ashirin, domin XX a lambobin Romawa 20 ke nan, kuma cross biyu ne a jere.

Wajen amfani, ka ce "He double-crossed me", ba a sa on ko with a tsakani. Mai yin ta shi ne double-crosser. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa ta inda babu yarjejeniya. Abokin aikin da ke yi maka zagon ƙasa wajen oga, backstab ya yi. Miji ko matar da ta ci amanar aure, cheat on ake cewa. Sannan a kula da double-check, wato sake dubawa. Kada ka je cewa akawu ya sake duba lissafi, ka ɓuge da ce masa ya zambace ka.