Kafin ka bar inshorar kamfani ka koma NHIS, duba wannan wata ɗayan

Salamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase, Sawaba a Kumasi, da ku 'yan Nima da Mamobi a Accra da kuke kallonmu. Satin nan saƙon murya ɗaya ya zagaye gurup-gurup na WhatsApp, wai tunda an haɗa Ghana Card, katin ɗan ƙasa, da NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, shikenan kowa na da inshora, ba sai an sabunta ba. Mutum uku suka turo min, har da gwaggona. Toh wannan magana ba haka take ba, kuma wanda zata fi cutarwa shi ne mai ciwon da baya tafiya, mai ciwon baya, mai gwiwa, mai sikila, wanda maganinsa in ya yanke kwana uku gidan gaba ɗaya ba mai barci.

Bari mu wuce na sama-sama da sauri. NHIS ta fara da dokar 2003, aka sake ta a 2012, kuma hukumar NHIA ce ke kula da ita, ita ce ma ke ba kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu lasisi. Wato iri biyu ne a hannun yawancinmu: na gwamnati, da wanda wurin aiki ke yi wa ma'aikata. Mutum ya canza aiki, ko kwantiragi ya ƙare, ko ya yi ritaya, sai ya sauka daga wannan ya hau wancan.

A wurin saukar nan ake faɗuwa.

Ku kalli katin NHIS ɗin nan dake hannuna. Kun ga kwanan watan da aka buga a jiki? Wannan ranar ta roban katin ce, shekara biyar ake bashi. Amma zamanka memba shekara ɗaya ne tak, duk shekara sai ka sabunta. Sai kaga mutum ya ciro kati tsaf kamar jiya aka buga, yana nuna maka kwanan wata, alhali a cikin kwamfutarsu ya mutu tun shekara biyu baya. Ghana Card ɗin ma haka ne, haɗa shi da akayi amfaninsa kawai ka je asibiti da kati ɗaya, in an duba lambarka a ga kana raye a tsarin ko a'a. Baya biya maka komai.

Masu albashi ku matso kusa, don ku kuka fi shiga wannan. Zaka ce ai ana cire min SSNIT, kuɗin fansho, duk wata. Gaskiya ne, kashi 2.5 daga kuɗin SSNIT na tafiya asusun inshorar lafiya, shi yasa ba'a karɓar kuɗin shekara a hannunka. Amma sabuntawar dole kai zaka yi, ka biya ɗan kuɗin aiki. Ba wanda zai yi maka. Kuma da yake katin kamfani na aiki, asibiti mai sanyi, ba dogon layi, wa zai tuna da na gwamnati?

Yanzu ga inda nakeso ku tsaya. A ƙa'idar NHIS, sabon shiga yana jiran wata ɗaya kafin katinsa ya fara aiki. Wanda kuma ya bari nasa ya mutu fiye da wata uku, shima in ya sabunta sai ya jira wata ɗayan nan. Mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 basa jira. Wani lokaci hukumar na ɗage jiran in tana gangamin rajista, amma dan Allah kar ka ɗora ciwonka akan sa'a.

Ku lissafa tare da ni. Aikinka zai ƙare 30 ga wata. Inshorar kamfani da yawa ranar da ka ajiye aiki ranar take rufewa. Kai kuma ka bari sai 1 ga wata ka danna waya ka sabunta NHIS, kuɗi ya fita daga MoMo, asusun kuɗinka na waya, saƙo ya shigo, hankalinka ya kwanta. Ranar 5 ka hau pragya, keke mai ƙafa uku, ka tafi asibiti da gwiwa a kumbure, ka bi layi tun asuba, ka iso gaban taga, yarinyar ta duba tace Baba katinka bai buɗe ba tukun. Kwana talatin kenan baka nan baka can, ganin likita daga aljihu, awon jini daga aljihu, magani daga aljihu, a watan da albashi ya tsaya.

Na ga wannan da idona. Yayana direba ne a wani kamfani, shekara da shekaru yana fama da ƙashin baya, aka rage ma'aikata ya shiga ciki. Sati biyu yana sallah a zaune akan kujerar roba, in zai tashi sai ya dafa bango yana cije baki don kar yara su gani. Matarsa ce ta ciro kuɗin adashenta. Kuma abun da ya fi min zafi, da ya danna waya wata guda kafin nan da duk bai faru ba.

Toh maganin abun kenan, kar ka jira tsohon ya mutu kafin ka tada sabon. Su haɗu a hannunka na wata ɗaya ko fiye. Ba laifi bane mutum ya riƙe duka biyun, ni a ganina ma duk mai katin kamfani ya bar NHIS ɗinsa a raye kullum, kuɗin bai kai na ciwon kwana ɗaya ba.

Ga yadda ake dubawa, ku bi yatsana a allo. *929#, kowane layi. Tun 2018 ake wannan. Zaɓi duba matsayin katinka, sa lambar memba ko ta Ghana Card. Ranar da saƙon ya nuna, ita ce ta gaskiya. Anan ɗin dai zaka sabunta. Mai babbar waya akwai manhajar MyNHIS.

In kuma akasin haka ne, daga NHIS zaka koma na kuɗi da kanka, tambaya ɗaya zaka fara yi musu kafin ka sa hannu: ciwon da na shigo dashi, daga yaushe zaku fara biya? Da yawansu suna sa lokacin jira akan tsohon ciwo, wasu su sa iyakar kuɗin da zasu kashe maka a shekara. A rubuce zasu baka amsa, ba a baki ba. Kar kuma ka ɓoye ciwon wajen cika fom, ranar da suka gano zasu ƙi biya.

Saura takarda da magani. Kafin katin kamfani ya rufe, koma wajen likitanka ka ce ya rubuta maka rahoto, sunan ciwon, hoton da akayi, magungunan da kake sha da adadinsu, da waɗanda aka gwada basu karɓe ka ba. Folda bata bin mutum da kanta. Kuma da NHIS ba'a zuwa babban asibitin Komfo Anokye kai tsaye in ba gaggawa ba, sai ka fara daga ƙaramin asibiti kamar Manhyia su baka takardar turawa. Ka roƙi likita ya rubuta asalin sunan maganin ba sunan kamfani ba, don NHIS na da jerin magungunanta kuma da asalin suna take aiki. Gashin ƙashi yana cikin abun da take biya. 'Yan uwa masu sikila, hydroxyurea ma an shigar dashi.

Masu shan mai ƙarfi irin tramadol ko morphine da likita ya rubuta, ku kam lissafinku ya fi na kowa tsanani. Sabon likita bazai rubuta maka don ka faɗa da baki ba, sai ya ga takarda, kuma yanke shi lokaci ɗaya na kawo zufa, rawar jiki, rashin barci, ciwon ya dawo ninki. A irin wannan watan ne mutanen kirki ke zamewa su sayi na bayan fage, wancan tramadol mai miligiram 225 ɗin, alhali FDA, hukumar abinci da magunguna, 50 da 100 kaɗai ta amince dasu. Wasu kuma su dinga zuba diclofenac, maganin rage ciwo, safe da yamma, ciki da ƙoda su biya bashin. Ka faɗa wa likitanka tun yanzu cewa inshorarka zata canza, ku ƙirga kwayoyin tare har ranar da sabon katin zai buɗe.

Yanzu tsayar da bidiyon nan ka danna *929#. In ka gama naka, karɓi katin Hajiya da na Baba ka duba musu, 'yan shekara 70 zuwa sama basa biyan kuɗin shekara amma su ma sai an sabunta.